Kube Biyu a Kan Babur

Dorayi, Kano.
Farkon shigowar sanyi.

Zuwa ga Baffa Ashafa baduku, Maigatari.

Assalamu alaikum. Ɗanku Idrisu ne, ɗan marigayi Alhassan, yake durƙusawa yana gaishe ku. Ina fata kuna lafiya, ku da Gwaggo Atika, da fatan ƙafar nan tata ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau. Maiɗakina Rumaisa tana gaisuwa, 'yarmu Halimatu ma ta ce a gaida kakan da ba ta taɓa gani ba.

Na kira wayar maƙwabcinku Malam Sagir, ya ce kunnen naku ya ƙara nauyi, ko an kawo muku wayar sai dai ku yi ta cewa "na'am". Shi ne na ce bari in koma takarda, tunda ido na nan garau. Sani direba, wanda yake kwaso wa kamfaninmu fatu daga kasuwarku duk Alhamis, ya ce zai riƙa kai mana yana kawowa. Na san zumuncin ya yi nisa, kakanku da kakan babana ne wa da ƙane, amma a dangin babana ku kaɗai kuka rage mini da zan kai wa albishir.

Albishir ɗin shi ne an ɗauke ni daga filin gishiri, inda muke barbaɗe ɗanyun fatu, an ɗora ni a kan inji. Baffa, da za ku shigo majemar nan ta Challawa, wallahi sai kun riƙe baki. Akwai wasu ganguna na katako, kowace ta fi ɗakin kwana girma, suna juyawa da fatu a cikinsu, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarka. Abin da za ku yi kwana da kwanaki kuna fama da shi da bagaruwa, nan tuli guda ake zubawa, su fito shuɗi-shuɗi, sumul, babu gashi ko ɗaya. Har yau in na tsaya gabansu sai na yi tasbihi.

Ni injina na aski ne. Wuƙa ce a nannaɗe jikin wani gungumen ƙarfe, tana gudu har ido ba ya ganinta. Ni nake miƙa mata fata da hannu, tana aske bayan har kaurin ya zo daidai. Yatsa ne yake gaya maka inda fata ta yi kauri, kuma shi ne yake gaya maka ka kusa wuƙa.

To a nan damuwata take. Wani da ya riƙe injin kafin ni, bara war haka ya shigo da safe hannu a sandare, bai ji lokacin da wuƙar ta taɓa shi ba, yatsu biyu suka tafi. Tun daga nan ogan sashenmu ya kafa doka. Kullum da safe yana tsaye a bakin ƙofa, duk mai inji sai ya ba shi hannu sun gaisa. In ya ji hannunka da sanyi, ba ka hawa inji, sai ka koma gefe wani ya hau. Wanda ya cika komawa gefe kuwa, inji ya bar hannunsa ke nan, sai komawa gishiri aikin yini.

Ni kuma a babur nake zuwa, ana sallame asuba nake tashi daga Dorayi. Kafin in kai Panshekara yatsuna sun yi fari fat, sun mutu murus, ko makullin babur ba na iya zarewa. Na sayi safar hannu ta gwanjo, iska ta ratsa ta kamar babu. Na ɗora safar ƙafa a kai, duk ɗaya. Ta robar kamfani kuwa ƙara sanyin take yi. Oga ya fara kama hannuna yana girgiza kai. Abin mamaki, ina yini cikin fatu jibge har rufin kwano, amma babu ɗaya mai gashin da zai ɗumama mini yatsa.

Ku sa ni a addu'a, Baffa. Tsoro nake ji.

Ɗanku,
Idrisu.

*

Maigatari.
Ran Laraba, jajiberin kasuwa.

Idrisu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta da kaina, na sake karanta wa Atika da ƙarfi har ta ce mutanen bayan gida ma sun ji. Muna lafiya. Ƙafarta tana nan yadda take, kunnena kuma ya huta da surutun mutane. Allah ya sa wa injin nan albarka, ya tsare ka da kaifinsa.

Kai yaro, ba ƙari kake yi ba kuwa? Ganga ta fi ɗaki? Na tsare Sani da tambaya, ya rantse mini, har ya buɗe hannuwa yana kwatantawa. Ni da na tashi na ga ubana yana kankare fata ɗaya a kan gungume tun hantsi har la'asar, yau ga ɗan Alhassan yana tsaye gaban wuƙar da ido ba ya gani. Ikon Allah! Ashe da sauran kallo a duniya ina nan ina gyangyaɗi a rumfa.

Wannan ogan naku ban san shi ba, amma ka gaishe shi. Mutumin da yake tsayawa a cikin sanyi yana taɓa hannun yaransa ɗaya bayan ɗaya ba mugu ba ne.

Zancen yatsu kuwa gadonku ne. Ubanka in sanyi ya shigo ko igiyar guga ba ya iya riƙewa, mu yi ta yi masa dariya a bakin rijiya. Amma haba Idrisu! Kana da baduku a dangi kake sa safar ƙafa a hannu, kamar wanda ba shi da kowa? Ka ba ni kunya.

Na ajiye basilla tun bara saboda rawar hannu, amma na ɗauko ta. Fatar ragon layyata tana nan. Ka san ba a sayar da ita, sai na jeme ta da gashinta na rataye, ban san abin da zan yi da ita ba. Ashe kai take jira. Na ɗinka maka safa biyu, gashin a ciki, har kusa da gwiwar hannu. Babban yatsa da ɗakinsa, sauran huɗun ɗaki ɗaya don su ɗumama juna. Irinsu na riƙa ɗinka wa fataken raƙuma da ke shiga arewa, kuma ban taɓa jin wanda ya dawo ya yi ƙorafi ba. Ka sa su, ka je ka miƙa wa oga hannu ka ga yadda zai yi.

Baffanka,
Ashafa.

*

Dorayi, Kano.

Baffa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ku da Gwaggo. Muna lafiya, sai mura da ta ɗan taɓa Halimatu, ita ma da sauƙi.

Saƙo ya iso. Wallahi da na kwance ƙunshin sai da idona ya kawo ruwa. Rabon da wani ya zauna ya yi mini abu da hannunsa tun rasuwar Inna. Na sa su a tsakar gida, nan da nan hannuna ya fara gumi. Duk wanda ya shigo sai ya juya su yana duba ɗinkin, yana cewa yanzu ba a samun irin wannan aiki ko a kasuwar Kurmi. Ina kula da su ƙwarai, ko tabo ba su yi ba.

Wajen aiki ana nan ana fama. An samu dabara, oga ya daina girgiza kai. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa hannunku ƙarfi.

Ɗanku,
Idrisu.

*

Maigatari.

Idrisu,

Salamu alaikum. Muna lafiya, sai sanyi da ya sauko da ƙarfinsa, da safe ruwan buta kamar ya yanke maka yatsa.

Oga ya daina girgiza kai! Na karanta wurin nan ya fi a ƙirga. Na bi rumfar dukawa kaf na gaya musu, masu cewa Ashafa ya ƙare sai ga aikinsa a Kano yana hawa babur. Atika ta ce in rage baki, na ce ba zan rage ba.

Amma kasuwa ta ci, wata ta sake ci, Sani yana zuwa hannu wofi. Na tambaye shi, ya ce bai gan ka a kamfani ba, ya kawar da kai. Ni kurma ne, ba makaho ba, na ga yadda ya kawar da kan. Idrisu, wuƙar nan ce? In wani abu ya faru ka gaya mini. Ko layi ɗaya ne ka rubuto in ga rubutunka, hankalina ba a kwance yake ba.

Ashafa.

*

Dorayi, Kano.

Baffa,

Assalamu alaikum. Kada ku tsorata da ganin rubutun ba nasa ba ne. Rumaisa ce, matar ɗanku, yana faɗa ina rubutawa. Ya ce yana gaishe ku da Gwaggo. Ya ce ba inji ba ne, yatsunsa suna nan cif. 'Yar ƙuna ce ya samu a tafin hannun dama, an wanke an ɗaure a asibiti, yana hutawa a gida. Iyakar abin da ya ce in rubuta ke nan.

Yanzu ya tafi masallaci. Baffa, ku yafe mini. Na san ba tarbiyya ba ce suruka ta tsoma baki tsakanin ɗa da uba, amma in na yi shiru za a sake.

Safar da kuka aiko sau ɗaya Abban Halima ya hau babur da ita. Bai kai titi ba wani mai adaidaita ya shigo masa, ya kai hannu zai kama burki, yatsun suna ɗaki ɗaya, fatar ga kauri, burkin ya zame masa. Da ƙafa ya ja ƙasa, Allah ya kiyaye. Ya dawo ya naɗe su ya sa a akwatina. Na ce ya gaya muku, ya ce yaya za a yi ya dubi dattijon da ya ɗauko basilla dominsa ya ce aikin bai yi ba.

Dabarar da ya rubuto muku kuwa, ga ta. Shi da wasu masu babur sukan tsaya a kwana kafin get, su dafa injin babur da zafinsa har fatar hannu ta yi ɗumi, sai su ruga su gaisa da oga. Ranar da abin ya faru sanyi ya yi tsanani, hannun ya mutu gaba ɗaya. Ya dafa bututun hayaƙin babur bai sani ba, bai ji komai ba, sai da ya ji ƙauri sannan ya duba.

Oga ya yi faɗa sosai. Ya ce ashe waje suke ɗumama masa ciki a mace, su hau wuƙa a haka. Ya ɗora wani Sadiq a kan injin. Ya ce in hannun ya warke ya zo, dama ɗaya ta rage masa. Maigadi zai tsaya a kwana yana kallo. In ya taɓa injin babur, ko oga ya ji hannunsa da sanyi, inji ya zama na Sadiq.

Baffa, injin nan shi ne abincinmu, da shi muka sa Halima a makaranta. Amma ni ba shi ne ya fi damuna ba. Na san halinsa, zai nemo wata dabarar ya hau wuƙa da mataccen hannu. Ku ne kaɗai zai ji maganarku. In na yi laifi ni ce, ba shi ba.

'Yarku,
Rumaisa.

*

Maigatari.

Idrisu,

Salam. Allah ya ba ka lafiya. Ka ba Sani safar nan ya dawo mini da su a wannan zuwan. Kada ka sake ce mini komai a kansu.

Ashafa.

*

Dorayi, Kano.

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina durƙushe ina gaishe ku. Ku yi haƙuri da rubutun, hannun bai gama saki ba. An cire bandeji, sabuwar fata ta fito, likita ya ce in riƙa shafa mai ina motsa yatsun.

Rumaisa ta gaya mini abin da ta ƙara a takarda. Na yi mata faɗa, daga baya na ga ni ya kamata a yi wa. Na mayar da safar kamar yadda kuka ce, amma da na miƙa wa Sani ji na yi kamar ana zare mini wani abu a ƙirji. Tun daga nan shiru. Sani ya ce ya je rumfarku ya tarar a rufe. Ya je gida, Gwaggo ta ce kullum kuna ficewa da asuba ba ku ce mata ga inda za ku ba, in kun dawo ku shige ɗaki ku turo ƙofa. Ya ce da ya ba ku safar ko kallonsa ba ku yi ba, kuka juya su, kuka duba tafin, kuka jefa a kwando.

Baffa, ban raina aikinku ba, Allah shi ne shaida. Kunya ce ta hana ni magana. Kun bi rumfuna kun faɗa wa mutane, ni kuma na bar ku kuka faɗa, na san wannan ya fi komai ciwo. Ku yi mini kowane hukunci, amma kada ku yi shiru.

Litinin ɗin bayan kasuwarku mai zuwa zan koma. Sanyi bai ragu ba, ni kuma ba ni da wata dabara, kuma na yi wa Rumaisa alkawarin ba zan nemo ba. Zan je in miƙa wa oga hannun yadda yake. In injin ya tafi, ya tafi, zan koma gishiri. Amma in na rasa inji na rasa ku a wata ɗaya, ban san inda zan sa kaina ba.

Ɗanku mai neman gafara,
Idrisu.

*

Maigatari.
Safiyar kasuwa.

Idrisu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ɗan tari da na kwaso, Atika tana ta yi mini gori a kansa. Na gode Allah da hannu ya warke.

Kai wani irin yaro ne? Wa ya ce maka da kai nake fushi? Da kaina nake. Na duba tafin safar na ga ko goguwa bai yi ba, na san matarka gaskiya ta faɗa. Na ɗinka wa mai babur abin mai raƙumi, ban tambayi kowa ba, saura kaɗan in kashe ɗan Alhassan da hannuna. Amma kai ma ka ji: kunyar da za ta ƙone maka hannu ba ladabi ba ce. Ita kuwa Rumaisa ka gaya mata na gode, kuma kada ka ƙara yi mata faɗa a kan wannan.

Bari in gaya maka inda nake zuwa da asuba. Ni na sha hawa bayan babur, hannuwana a cikin riga, ban taɓa sanin abin da na gaba yake sha ba. Sai na je wajen Malam Sagir na ce ya ɗauke ni, amma a gaba, a kan tanki, yadda ake ɗora yara. Ya ɗauka wasa nake. Na ce in bai ɗauke ni ba zan nemo wanda bai san girmana ba ya ɗauke ni. Muna fitowa daga masallaci na hau, na kama kan babur, shi ya zagayo da hannuwansa ya ɗora kusa da nawa, muka ɗauki hanyar Gumel. Mutanen sahun gaba duk sun tsaya suna kallo, liman har da riƙe haɓa.

Subhanallahi! Idrisu, haka kake yi kullum? Itatuwa suka taso mini da gudu suna rabewa. Hanya tana shigewa ƙarƙashina. Gabas ta fara ja, muka wuce ayarin raƙuman da ke shigowa kasuwa kamar a tsaye suke. Kuma abin da ban gaya wa kowa ba sai kai: na ji kukan injin. Ba da kunne ba, ta ƙashin bayana ya hau har cikin kaina. Rabon da wani sauti ya shige ni haka na manta. Hawaye suka riƙa gudu zuwa bayan kunnena, Malam Sagir ya ce iska ce, na bar shi a haka.

Sai na mayar da ido kan hannunsa. Ashe hannun mai babur ba ya zama! Wannan yatsa ya jawo, wancan ya saki, wuyan hannu ya murɗa, babban yatsa ya danna, duk a lokaci guda, mai hannun ma bai san suna yi ba. Shekaruna nawa ina cin abinci da yatsu, ban taɓa tsayawa na dube su ba sai ran nan. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ƙera su. Irin wannan halitta na kama na kulle a ɗaki ɗaya.

Kafin mu juyo nawa yatsun sun mutu. Na dube su a kan ƙarfe kamar na wani. Na cije ɗaya ban ji ba. A nan na san yadda aka yi ka dafa wuta. Na kuma lura iskar ba ta ko'ina take zuwa ba, ta gaba take dukan gaɓoɓin yatsu, ta zagayo ta shiga hannun riga.

To shi ne na ce, ba hannu za a yi wa riga ba, kan babur za a yi wa ɗaki. Na ɗinka kube biyu, irin na wuƙa amma manya. Kowanne zai haɗiye mariƙi da burki ko kuloci gaba ɗaya. Hannunka zai shiga tsirara, ya yi aikinsa a ciki yadda ya saba. Na sa waya a bakin don ya zauna a buɗe, in ta ɓaci ka zare hannu ba abin da zai riƙe ka. Tsohuwar safar na yanka na yi maɗauri da ita. Mun gwada a babur ɗin Malam Sagir safiya bayan safiya, ina farkewa ina sakewa, har ranar da muka je muka dawo na sauka na zura zare a basilla a gabansa.

Ka ɗaure su tam, ka gwada burki a unguwa kafin ka hau titi. Kada ka duba ɗinkin, hannu ya yi rawa. In kuma bai yi ba ka rubuto ka ce bai yi ba, in ba haka ba ni da kai.

Baffanka,
Ashafa.

*

Challawa, Kano.
Ran Litinin, bayan an tashi aiki.

Baffa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku, ina gaida Gwaggo, yaya tarin? Don Allah ku daina fitar asubar nan haka. A benci nake rubuta wannan a bakin get, na kasa jira in kai gida.

Ya yi, Baffa. Wallahi ya yi, kuma wannan karon ba kunya ba ce take magana.

Na gwada burki a unguwa kamar yadda kuka ce, Rumaisa tana tsaye a ƙofa da mayafi tana kallo. Yau da asuba na tashi. Sanyin har a haƙori nake jinsa, hancina ya daskare, amma hannuwana suna ciki kamar a hammata. Ina ta jira su mutu, na wuce inda suka saba mutuwa, suna nan da ransu. Sai na ɗaga kai. Baffa, ashe hanyar nan kyau gare ta! Duk zuwan da nake yi ciwon yatsa kawai nake gani. Yau na ga masu shayi sun hura wuta tururi yana tashi, na ga ma'aikata suna kwararowa daga lungunan Panshekara, wasu a keke wasu a ƙasa, ba iyaka, kowa ya nufi inda abincinsa yake. Na ga rana ta fito ta bayan dogayen bututun kamfanoni. Ina tafe ina salati ni kaɗai.

Na wuce maigadi a kwana ban tsaya ba. Oga yana bakin ƙofa, Sadiq yana gefensa. Na zare hannu na miƙa masa. Ya riƙe ya daɗe. Ya juya shi, ya matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko na ji, ina cewa na ji. Ya ɗaga kai ya dubi maigadi da ya biyo bayana, maigadi ya ce, "Oga, ko rage gudu bai yi ba." Sai ya sake ni ya ce, "Je ka hau injinka." Sadiq ma ya ba ni hannu, ya ce dama shi tsoron wuƙar yake ji. Na yi aikin yau lafiya, kowace fata ina jin ta a yatsa.

Da aka tashi, mutane suka kewaye babur ɗin, kowa yana zura hannu yana "kai, kai!" Sai wani dattijo da ke aikin ganguna, mutumin Damagaram, ya zura nasa, ya juyo bakin kuben ya leƙa. Ya ce, "Idrisu, wannan ai buzun sallah ne. Dubi nan." Na duba. A kowane kube akwai wuri kamar faɗin tafin hannu da gashin ya cinye, fatar ta yi santsi tana sheƙi.

Motar Sani tana fili ana sauke kaya, na je na tsare shi. Ya ce kun hana shi faɗa. Na ce ba zan matsa ba sai ya faɗa. Ya ce babu jemammiyar fata mai gashi a garin, sabuwa kuma ba za ta jemu kafin Litinin ba. Ya ce ran kasuwa da ya je karɓar saƙo ya tarar da ku kuna sallar walaha a kan buhu, a siminti, da kyar kuka miƙe. Gwaggo ta ce masa tun kafin a kawo ta gidan kuke sallah a kan buzun nan, kuma da kuka ɗora masa aska fita ta yi daga ɗakin.

Na dawo na zauna kusa da babur. Na sake zura hannu na lalubo wurin. Inda gwiwoyinku suka cinye gashin, nan kuka juyo ƙasa, daidai inda yatsuna suke buɗewa su kamo burki, don kada gashi ya tare su.

Baffa, ban san me zan ce muku ba. Kuka nake yi a bakin get, mutane suna wucewa suna kallona. Gobe ma da asuba zan sa hannuna a ciki.

Ɗanku,
Idrisu.